Daga Kwal Zuwa Dizal: Tarihin Kawunan Jirgin Ƙasa a Ailan

Gabatarwa

Duk ƙasar da ba ta ƙera manyan injuna da kanta, tilas wata rana jami'anta su zauna su yanke shawarar inda za su sayo, da irin wanda za su sayo, da kuma wanda zai riƙa gyarawa bayan mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya koma gida. Akan yanke irin wannan shawara a zama guda, amma ƙasa kan yi shekara 30 ko 40 tana cin moriyarta, ko kuwa tana biyan bashinta. Wannan lacca za ta bi diddigin irin wannan shawara a Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, a zamanin da ta bar kawunan jirgin ƙasa masu aiki da kwal ta koma ga masu aiki da man dizal. Ailan ƙaramar ƙasa ce, ta daɗe ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma a lokacin da ake magana a kai noma da kiwo su ne jigon arzikinta. Ta yi babban kuskure wajen saye, sa'an nan ta gano hanyar gyara shi, saboda haka tarihinta yana da abin dubawa ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati.

Abin da ake nufi da kan jirgi a nan shi ne injin nan da ke gaba yana jan taragai. Akwai kuma tarago mai inji a jikinsa, wanda ke ɗaukar fasinja yana tuƙa kansa ba tare da an ja shi ba. Duka biyu za su fito a wannan tarihi.

Ƙasa mai dogo, marar kwal

An buɗe layin dogo na farko a Ailan cikin Disamba 1834, tsakanin birnin Dablin da tashar jiragen ruwa ta Kingstown. Kamfanoni masu zaman kansu suka dinga shimfiɗa layuka, har ya zama wajen shekarar 1920 tsibirin yana da dogo kimanin mil 3,500. Tun a 1846 doka ta tsayar da faɗin dogon Ailan a ƙafa 5 da inci 3. Na Ingila ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, tsohon layin Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6. Ban da wasu sassan Ostireliya da Brazil, babu inda ake amfani da faɗin Ailan. Ma'anar wannan ita ce, in Ailan ta shiga matsi ba ta iya aro kan jirgi daga maƙwabciyarta, ko ta sayo kwance ta ɗora bisa dogonta haka nan. Kowane kan jirgi sai an ƙera mata shi musamman, ko an yi masa gyara mai yawa.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Kan jirgi mai tururi kwal yake ci, kuma kwal mai kyau. Abin da Ailan ke haƙowa a wurare kamar Arigna da Castlecomer kaɗan ne ƙwarai, saboda haka kusan duk kwal ɗin da jiragenta ke ƙonawa daga Birtaniya ake kawo shi ta teku, musamman daga Wales. Da aka raba tsibirin a 1921, larduna 6 na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya, sauran 26 suka sami mulkin kansu a 1922. A 1925 aka haɗe kamfanonin reluwe da ke cikin sabuwar ƙasar suka zama kamfani guda mai suna Great Southern Railways. An sami tuta da majalisa, amma makamashin da ke motsa jiragen yana hannun tsohuwar uwargijiya.

Abu guda da Ailan ta gada wanda ya yi mata rana daga baya shi ne babbar ma'aikatar ƙira da gyara ta Inchicore, a gefen Dablin, wadda aka kafa a 1846. A nan aka daɗe ana ƙera kawunan jirgi masu tururi tun daga tukunya har ƙafafu, uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. A 1939 ma'aikatar ta fito da kan jirgi mafi girma da aka taɓa ƙerawa a tsibirin, mai lamba 800.

Gwaje-gwajen farko

Ƙananan kamfanoni, waɗanda motocin haya suka fara ƙwace wa fasinja, su suka fara neman abin da zai maye gurbin kwal. A lardin Donegal, can arewa maso yamma, akwai wani siririn layi ƙarƙashin wani manaja mai suna Henry Forbes. Ya lura ba riba a hura wa babban kan jirgi wuta domin ɗaukar mutane ƙalilan, sai ya koma ga ƙananan taragai masu inji. A 1931 layinsa ya sa tarago mai injin dizal cikin aikin yau da kullum, kuma shi ne na farko a duk Ailan da Birtaniya. A 1933 kamfanin Harland and Wolff na Belfast, wanda ya yi suna wajen ƙera jiragen ruwa, ya ƙera wa wani layi na lardin Down kan jirgi mai dizal. A kudu kuma wani masanin kimiyya, Dokta James Drumm, ya ƙirƙiro batir mai ɗaukar caji da sauri, aka yi jiragen fasinja masu aiki da shi tsakanin Dablin da Bray daga 1932 har 1949.

Dalilin da ya sa hankali ya karkata ga dizal a fili yake. Kan jirgi mai tururi ba ya mayar da ko kashi 10 cikin 100 na zafin kwal ɗinsa zuwa ƙarfin ja. Sauran duk ya bi hayaƙi. Sai an yi sa'o'i ana hura wuta kafin ya motsa, ya tsaya shan ruwa a hanya, a kwashe toka, a wanke tukunya lokaci lokaci. Mai dizal kuwa ana tayar da shi cikin 'yan mintoci, ya yini yana aiki. A akasarin manyan kawuna, injin dizal yana juya janareta ne, janareta ya ba da lantarki, lantarki ya juya ƙafafu. Yana da kyau a riƙe wannan bayani, domin shi ne ya ba da damar gyaran da aka yi daga baya.

Yaƙi da yunwar kwal

A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, Ailan ta ƙi shiga kowane ɓangare. Birtaniya na bukatar kwal ɗinta domin yaƙi, saboda haka daga 1941 abin da ke isowa Ailan ya ragu, kuma galibi gari ne da tsakuwa. Ya kan daskare cikin murhu ya kashe wuta, jirgi ya tsaya a daji, direba da mai zuba kwal su sauko su kwashe su sake hurawa. Tsakanin Dablin da Cork mil 165 ne, tafiyar 'yan sa'o'i, amma ta koma ta yini guda ko fiye. Aka gwada itace, aka gwada taf, watau baƙar ƙasar fadama wadda ruɓaɓɓun tsirrai suka taru suka zama, wadda mutanen karkara ke yankawa su shanya su yi girki da ita. Ailan tana da ita jibge, sai dai zafinta bai kai na kwal ba ko kusa. A 1944 an kai ga jiragen fasinja na manyan layuka ba sa tashi sai kwana 2 a mako.

Ranar 1 ga Janairu 1945 aka haɗe Great Southern Railways da kamfanin sufurin birnin Dablin, aka kafa Córas Iompair Éireann, wanda a harshen ƙasar ke nufin Tsarin Sufurin Ailan, aka fi saninsa da CIÉ. Ya gaji ɗaruruwan kawunan jirgi iri iri, da yawansu tun ƙarni na 19. Alal misali, akwai wani jinsi da aka ƙera guda 111 tsakanin 1866 da 1903, wanda ya ci gaba da aiki har ƙarshen zamanin tururi. Kafin sabon kamfanin ya numfasa, sai ga hunturun 1947, wanda ya daskarar da ma'adinan Birtaniya da hanyoyinta. Kwal ya yanke, kuma daga Fabrairun shekarar aka dakatar da kusan dukkan jiragen fasinja na CIÉ har kimanin wata 3. Cikin gaggawa aka juya kawuna masu yawa suka koma ƙona baƙin mai, aka zana musu farin da'ira domin ma'aikatan hanya su gane su. Sau biyu ke nan cikin shekara 6 ƙasa ta tsaya cik saboda abin da ya faru a ƙetaren teku.

Takaddama kan hanyar da za a bi

Shugaban CIÉ na farko, A. P. Reynolds, ya ga babu mafita sai dizal. A 1947 da 1948 ma'aikatar Inchicore ta ƙera ƙananan kawuna 5 masu dizal domin shantin, watau jera taragai cikin tasha. Aka kuma fara aikin wasu 2 domin doguwar tafiya, masu injin kamfanin Sulzer, waɗanda suka fito a 1950 da 1951, su ne na farko irinsu a ƙasar. Har ila yau aka ba da odar injunan Sulzer 12 domin manyan kawuna 6, kowane da inji 2.

Ana cikin haka gwamnati ta canza a 1948. Sabuwar gwamnati ta gayyato Sir James Milne, tsohon babban manajan kamfanin Great Western na Ingila, domin ya binciki harkar sufuri. Rahotonsa bai goyi bayan gaggawar komawa dizal ba. Ya ga ya fi a rage yawan jinsunan kawuna masu tururi a inganta sauran. Ba abin mamaki ba ne, domin ya yi rayuwar aikinsa a ƙasa mai zaune bisa kwal. Aka soke odar manyan kawunan nan 6, amma injunan 12 an riga an saye su, sai aka ajiye su a sito. A 1950 gwamnati ta karɓe CIÉ gaba ɗaya ya zama mallakarta.

Cikin waɗanda suka taya Milne bincike akwai O. V. S. Bulleid, shahararren injiniyan kawuna masu tururi daga Ingila. Ya dawo Ailan a 1949, daga baya ya zama babban injiniyan CIÉ, har 1958. Bulleid ya sa rai cewa taf zai iya raba ƙasar da dogaro da waje. Ya yi shekaru yana tsara wani kan jirgi na musamman mai ƙona taf, aka gwada shi a 1957, ya yi tafiya, amma bai taɓa shiga aikin yau da kullum ba, daga ƙarshe aka farfasa shi. Manufar mai kyau ce, domin shi kansa dizal daga waje ake sayo shi. Sai dai kafin kan jirgin ya fito, shawara ta riga ta wuce shi. Tun daga farkon shekarun 1950 CIÉ ya sayo taragai masu inji guda 60 na kamfanin AEC, fasinjoji suka yi na'am da tsabtarsu da saurinsu, kuɗin gudanarwa ya ragu, sai bakin masu jayayya ya mutu.

Kwangilar 1954

A 1954 CIÉ ya ba kamfanin Metropolitan-Vickers na Manchesta kwangilar kawunan jirgi 94 a karo guda. Guda 60 manya ne, masu ƙarfin doki 1,200, domin manyan layuka, aka kira su jinsin A, suka iso a 1955 da 1956. Sauran 34 ƙanana ne, masu ƙarfin doki 550, domin rassan da ke shiga karkara, aka kira su jinsin C. Metropolitan-Vickers ya yi kayan lantarki, amma injunan dizal ɗin daga wani kamfani ne na Manchesta mai suna Crossley. A wancan zamani fam ɗin Ailan ɗaure yake da na Ingila, ɗaya bisa ɗaya, kuma haka ya zauna har 1979. Dalar Amurka kuwa wuyar samu gare ta. Ga kusanci, ga sabo na shekara da shekaru. Duk waɗannan sun sa sayayya daga Ingila ta fi sauƙi.

Crossley yana da suna mai kyau wajen injunan jiragen ruwa da na masana'antu, waɗanda ke zaune wuri guda suna juyawa da gudu iri ɗaya yini da dare. Aikin kan jirgi dabam yake: yanzu a taka, an jima a sassauta, ga girgizar dogo ba fashi. Injin bai yi dogon gwaji a irin wannan aiki ba kafin a sayi 94. Ba a daɗe ba aibinsa ya bayyana. Yana da karkarwa mai tsanani wadda ke tsinka bututun mai da na ruwa, kawunan silinda suna tsagewa, baƙin mai yana yoyo, hayaƙi yana tashi. An kawo kawunan da fenti ruwan azurfa, cikin ɗan lokaci suka yi dukun-dukun. Kanikawan Inchicore suka koma kwana a kansu, kuma jirgi ya mutu a hanya ya zama abin da fasinja ya saba da shi. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Ba direbobin Ailan ko kanikawanta ke da laifi ba, domin an ga irin wannan a wasu wurare. Reluwen Yammacin Ostireliya ya sayi kawuna 48 masu injin Crossley, ya sha fama da su. Reluwen Birtaniya ya sayi 20 a ƙarshen shekarun 1950, bai kai shekara 11 da su ba ya yar. Bambancin shi ne, a Birtaniya guda 20 ne cikin dubbai, a Ailan kuwa su ne ƙashin bayan reluwe baki ɗaya. Abin lura kuma, injunan Sulzer 12 da aka jibge a sito an fito da su, wani kamfani na Birmingham ya gina musu jiki a 1956 da 1957, kuma sun fi na Crossley kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Sabon inji bai hana rufe layi ba

An ɗauka cewa dizal zai ceci layukan karkara, tun da ya rage kuɗin gudanarwa. Bai cece su ba. Mutanen karkara suna ƙaura zuwa Ingila da Amurka, waɗanda suka rage kuma suna komawa ga bas da lori da motar kansu. Wani kwamiti ƙarƙashin Dokta J. P. Beddy ya ba da rahoto a 1957 cewa layuka da tashoshi sun yi wa ƙasar yawa. Dokar Sufuri ta 1958 ta ba CIÉ wa'adin shekara 5 ya riƙa ɗaukar nauyin kansa, ta kuma sauƙaƙa masa hanyar rufe duk layin da ba ya kawo riba. Aka naɗa C. S. Andrews shugaba, ya yi amfani da wannan iko sosai. Layin Harcourt Street na cikin Dablin ya rufe a ƙarshen 1958, layukan yammacin Cork suka bi a 1961. Siririn layin yammacin Clare, wanda aka gama mayar da shi dizal gaba ɗaya a 1955, shi ma an rufe shi a 1961, sababbin kawunansa ba su yi ko shekara 7 ba. Layin Donegal, wanda ya fara nuna hanya, ya tsaya a ƙarshen 1959, kuma a yau lardin ba ya cikin taswirar reluwen ƙasar.

Ta haka jinsin C ya wayi gari aikin da aka saye shi dominsa ya gushe, ƙarfinsa kuma bai isa babban layi ba. Watau ofishi guda ya sayi kawuna domin rassa, wani ofishin ya rufe rassan bayan shekara 3 ko 4. Ribar da ake nema kuma ba ta samu ba. A 1964 majalisa ta amince cewa reluwe hidima ce ga jama'a wadda sai an tallafa mata, ta yanka wa CIÉ fam miliyan 2 kowace shekara. Dogon da ke aiki a tsibirin yau bai kai rabin na 1920 ba.

Zuwan General Motors da dashen injuna

Da CIÉ ya tashi ƙaro kawuna a 1960, sai ya juya ga General Motors na Amurka, wanda injunansa sun riga sun yi shekara 20 suna jan jirage a can, an san halinsu ciki da waje. Wannan karon ba a sayi 94 ba, 15 aka fara da su, masu ƙarfin doki 950, suka iso a farkon 1961. Suna da aibi guda: ɗakin direba ɗaya ne, a gefe guda, in doguwar gangar jikin ce a gaba direba ba ya ganin hanya sosai. Saboda haka sai an juya su a majuyi a ƙarshen kowace tafiya, ko a haɗa 2 baya da baya. Amma wajen aiki ba su ba da kunya ba. Da aka gamsu, sai aka sayo 37 a 1962, aka ce a yi musu ɗakin direba gaba da baya, sa'an nan aka ƙaro 12 masu ƙarfin doki 1,100 a 1966. Zuwansu ya ba da damar sallamar kawuna masu tururi na ƙarshe a 1963, shekara 5 kafin Birtaniya ta yi haka.

Saura tambaya: yaya za a yi da kawuna 94 masu ciwo, waɗanda ba su wuce shekara 10 ba, ba a kuma gama fanshe kuɗinsu ba? Ƙasar ba ta da halin zubar da su. Injiniyoyin Inchicore suka duba suka ga gangar jikin lafiya lau take, ƙafafu da kayan lantarkin Metropolitan-Vickers masu ƙwari ne, injin Crossley kaɗai ne cutar. Tun da aikin injin shi ne juya janareta, in aka sami wani injin da za a daidaita da wurin, magana ta ƙare. Da farko General Motors bai yarda ya sayar da inji tsuransa domin a ɗora a jikin da wani kamfani ya ƙera ba. CIÉ ya gwada injin Maybach na Jamus a kawuna 2 na jinsin C a tsakiyar shekarun 1960. Daga baya General Motors ya sauko. Tsakanin 1968 da 1971 aka cire wa jinsin A injunansu ɗaya bayan ɗaya a Inchicore, aka dasa musu na Amurka masu silinda 12, akasari aka tsayar da ƙarfinsu a doki 1,325 domin kada a wahalar da tsofaffin kayan lantarki. Jinsin C ma aka yi musu haka, ƙarfinsu ya ninka zuwa 1,100.

Sakamakon ya wuce yadda aka zata. Kawunan da ake yi wa dariya suka zama abin dogaro, suna jan fasinja da siminti da taki da gwozar sukari da ma'adinai. Na ƙarshe cikin jinsin A bai ajiye aiki ba sai 1995, shekara 40 bayan zuwansu. Jinsin C suka sami sabon aiki a jiragen kewayen Dablin, suna ja suna tura tsofaffin taragan AEC waɗanda aka cire wa injuna, har zuwa lokacin da aka buɗe layin lantarki na DART a 1984. Wata riba kuma ita ce, kusan dukkan manyan kawunan ƙasar suka zama dangi guda, kayan gyara iri ɗaya a sito, horon kanikawa iri ɗaya.

Arewa, da shekarun baya-bayan nan

A Ailan ta Arewa hukumomi sun fi karkata ga hanyoyin mota, suka rufe layuka da yawa, sauran kuma suka sa musu taragai masu inji. Kawuna masu tururi sun ci gaba da aiki a can har 1970, suna jigilar duwatsu domin gina babbar hanyar mota a Belfast, watau jirgi yana yi wa kishiyarsa dako. A shekarar ce aka sayo kawuna 3 na kamfanin Hunslet domin jirgin Enterprise, wanda ke haɗa Belfast da Dablin tun 1947. A shekarun rikicin Arewa an sha dasa bam a wannan layi, kuma wasu kawunan CIÉ sun salwanta ta haka.

A 1976 CIÉ ya sayo manyan kawuna 18 daga General Motors, jinsin 071, masu ƙarfin doki sama da 2,000 da gudun mil 90 a sa'a. Reluwen Arewa ya sayi 3 irinsu. A 1987 aka ware harkar jirgin ƙasa ƙarƙashin wani reshe na CIÉ mai suna Iarnród Éireann. A 1994 da 1995 aka kawo wasu 34 masu ƙarfin doki 3,200 daga ma'aikatar General Motors ta Kanada, 32 na kudu, 2 na arewa, aka raɗa musu sunayen kogunan tsibirin. Na farkonsu a cikin wani ƙaton jirgin sama samfurin Antonov aka sauke shi a Dablin cikin Yuni 1994, domin a fara gwaji da horar da direbobi kafin sauran su iso ta ruwa.

Sai dai zamanin kan jirgi mai jan taragan fasinja ya kusa wucewa. Daga 2007 aka fara kawo jerin taragai masu inji daga kamfanin Rotem na Koriya ta Kudu, suka karɓe akasarin doguwar tafiya. Jigilar kaya ta ragu, musamman bayan rufe masana'antar sukari a 2006. Ƙananan kawunan Amurka na shekarun 1960 suka yi ritaya, wasu daga cikin sababbin na 1994 aka jingine su a Inchicore tun ba su tsufa ba. Jinsin 071 kuwa an yi musu garambawul, suna nan suna jan kaya da jiragen gyaran hanya. A 2021 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Alstom domin sababbin jiragen kewayen Dablin masu aiki da lantarki, wasunsu da batir.

Kammalawa

Larura ce ta kora Ailan zuwa ga dizal, kuma shawarar barin kwal daidai ce, ko da yake ƙwararren da aka gayyato daga waje ya ga akasin haka. Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen zuba dukiyar ƙasa a kan injin da ba a ga aikinsa ba, guda 94 a lokaci ɗaya, alhali ana iya sayen kaɗan a gwada, kamar yadda aka yi a 1961. An kuma yi sayayyar ba tare da an tsayar da shawara kan layukan da za su rayu ba, shi ya sa sababbin kawuna suka rasa aikin yi.

Abin da ya fitar da ƙasar daga ramin shi ne Inchicore. Da a ce an bar ma'aikatar ta lalace bisa hujjar cewa yanzu kome daga waje ake sayowa, da ba wanda zai iya tantance cewa inji ne ke da ciwo, jiki lafiya yake, balle ya iya cire wannan ya dasa wancan. Da sai dai a jibge kawunan a bayan tasha ciyawa ta rufe su, a sake cin bashi a sayo wasu. Albashin maƙera da kanikawa da kuɗin horar da yara masu koyo ba sa ɗaukar ido a kasafin kuɗi kamar bikin ƙaddamar da sabon jirgi, amma su suka mayar da asarar 1954 ta zama aikin shekara 40.

Saboda haka duk jami'in da takardun kwangilar injuna suka zo teburinsa, akwai tambayoyin da wannan tarihi ya bar masa. A ina wannan inji ya taɓa yin irin wannan aiki, kuma shekara nawa? Aikin da za a saye shi dominsa zai kai shekara 10 nan gaba? In ya lalace bayan wa'adin garanti ya ƙare, wane ne a cikin gida zai buɗe shi ya san abin da yake kallo? Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.